Binne da Fitilar Risiba

Kwanakin nan hadari yana ta ja mana rai a Gashuwa. Da la'asar sai ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya a guje, sannan ya watse ya bar mu da gumin da ya fi na jiya. Ni kuma ga wani ɗan fanel, wato allon cikin na'ura, da aka aiko mana sashen kwamfuta na jami'ar da nake koyarwa, mai sabon nau'in furosesa, yana kan teburina ko motsi ya ƙi yi. Na kasa zama. In leƙa taga, in dawo in taɓa wayoyinsa, in sake leƙa taga. Matata ta ce tun da aka kawo abin nan ko shayi a tsaye nake sha, kuma gaskiya ta faɗa. Na san wannan rashin sukunin, don na taɓa yin bazara guda cur a cikinsa, shekarar da aka katse layin waya a jiharmu.

Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a. An rufe makaranta saboda halin da ake ciki, na dawo gida Nguru da jaka ɗaya, da tsohuwar laftof, da aikin kammala karatu da ban ko fara ba. Aikin ni na jajibo wa kaina, ba wanda ya aike ni. Akwai wata 'yar ƙaramar uwar manhaja da ake koya mana da ita, irin wadda ke tayar da na'ura ta riƙe ragamar komai a cikinta, abin da ake kira ofaretin sistem. An rubuta ta ne don furosesar kwamfutar tebur. Ni kuwa na ce zan ɗauke ta in dasa ta a kan wata furosesa dabam, wadda ke cikin risiba, akwatin nan da ake ɗorawa kan talabijin don kama tashoshi. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'ura, kuma kowane nau'i da yarensa. Abin da aka rubuta wa wannan, waccan ba ta jin ko kalma ɗaya. Hujjata ita ce matattun risibobi sun cika shagunan masu gyara ana zubarwa, alhali da yawansu ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take. Malamina ya dube ni ta saman tabarau, ya sa hannu, ya ce Allah ya ba da sa'a da irin muryar da ake yi wa mai tafiya nesa.

Baba bai ga abin burgewa ba. Ɗan kasuwa ne, jikan mutanen Haɗeja, yana da shagon hatsi da kayan masarufi, kuma ba ya sayen abin da bai damƙa a tafin hannunsa ya murza ba. Gonakinsa biyu: ta gero a tudu bayan garin Nguru, da fadamar shinkafa a Gashuwa. Fadamar ba tamu ba ce. Aro ce daga gidan wasu Badawa 'yan asalin garin tun zamanin kakana, bisa amana da zumunci, kuma sharaɗinta ɗaya ne, kowa ya san shi: mutum aka ara wa, ba 'yan ƙwadagonsa ba, duk daminar da bai shiga da ƙafarsa ba sai a miƙa wa wani, ba faɗa ba jin haushi, don masu jira suna da yawa. Saboda haka kowace shekara da ruwa ya zauna Baba yakan tattara ya koma Gashuwa sai an yanke shinkafa, ya bar shago a hannun wani amintaccensa. A wannan shekarar mutumin ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Nijar. Ƙannena duk mata ne ƙanana, shago kuma shi ke ciyar da gida a damina, ba ya rufuwa.

Wata safiya muna shan kunu a zaure Baba ya ajiye ludayi ya tambaye ni yadda za a gane abin nan nawa ya yi. Na ce masa zan haɗa risibar da laftof da waya, in manhajar ta tashi za ta turo rubutu ya fito a fuskar laftof ɗin. Ya ce wato ta yi magana ke nan. Na ce eh.

"To, Lawan," in ji shi, "shekara da shekaru ina jin ana karatu, ban taɓa ganin abin da ake karantawa ba. Daga yau zuwa ranar da ruwa ya sauka, ka sa ta ta yi magana in gani da idona. In ta yi, koma makarantarka. In ba ta yi ba, ga makullin shago, ni in tafi fadamata."

Na san Baba. Ba ya shiga ciniki sai ya tabbata shi ke da riba, kuma a ransa ya riga ya gama yanke cewa risiba ba ta magana. Na kuma san za a buɗe makaranta a tsakiyar damina, wanda bai koma ba ya yi asarar shekarunsa, kuma a gidanmu wanda ya shiga shago ba ya fitowa. Na ce na yarda.

Washegari na hau mota zuwa Gashuwa wurin Oga Bulus, wani mai gyaran rediyo da risiba, mutumin Filato, da ya daɗe a garin har yana ɗan taɓa Badanci. Tafiyar da ba ta da wani nisa ta cinye mana hantsi, don a kowane shinge sai mun sauka mun taka a ƙasa mu wuce, mu jira motar a rana. Na same shi shi kaɗai a shago, ya tura matarsa da 'ya'yansa gida, ya ce shi sai ya ga abin da hali ya yi. Da na gaya masa abin da nake so ya yi dariya har da buga cinya, daga ranar kuma ya raɗa mini Injiniya. Ya tono wata risiba daga ƙarƙashin benci, wadda ɓangaren kama tasha ne kawai ya ƙone. Ni na nuna masa a zane inda nake zaton ƙofar magana take, wato ta inda rubutu zai fita, shi ya liƙa wayoyi uku da dalma, siraran gaske. Ya cire 'yar ma'ajiyar da furosesa ke fara karantawa in an kunna ta, ya dasa mata gurbi yadda zan riƙa zare ta ina mayarwa, ya ara mini 'yar na'urarsa ta filashin da zan riƙa zuba mata sabon rubutu da ita. Ya ce in ta yi hayaƙi in dawo, akwai 'yan'uwanta.

Saura littafin furosesar, wanda masu ƙera ta suka bayyana yarenta da inda kowace ƙofa take. Yana intanet, intanet kuma babu. A lokacin wanda ke son waya sai ya bi hanyar Haɗeja har ya shiga ƙasar Jigawa, inda akwai wata bishiya da sabis ke leƙowa. Can za ka tarar da taro kamar cin kasuwa, kowa hannu sama da waya, wani yana ciniki, wata tana kuka, wani yana ta maimaita "lafiya lau muke" da ƙarfi. Ni na raɓe a gefe da laftof a cinya. Littafin kashi uku ne. Na farko da na biyu suka sauko da ƙyar, na uku kuwa ya fi su nauyi, duk lokacin da ya yi nisa sai sabis ya ɗauke ko batir ya mutu. Na koma ba sau ɗaya ba, ban taɓa samun sa ba. Na lallashi kaina da cewa abin da ke ciki sai can gaba zan buƙace shi.

Daga nan kwanaki suka ɗauki fasali ɗaya. Da an idar da sallar asuba mu nufi gonar gero yin binne. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce hauka ne: ƙasa busasshiya ƙayau, sama fayau ba ko gajimare, mutum yana zuba iri a rami yana rufewa. Amma daminarmu gajeriya ce, wanda ya jira ruwa kafin ya shuka ya makara, don haka ake binne irin ya kwanta ya jira. Baba yana gaba da sungumi yana sara, ni da ƙannena muna biye da ƙoƙo, mu jefa, mu take da diddige. Kafin hantsi yashi ya fara cizon ƙafa ta cikin silifa. Kurciyoyi suna kan ƙaya suna kallonmu, ɓerayen daji kuma suna jiran mu juya baya. Baba ba ya magana in yana aiki, sai dai ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ci gaba da sara.

In mun dawo ni sai zaure. Wuta babu ita, har mun manta da ita. Batirin tsohuwar motar Baba da ta mutu a ƙofar gida shi ne jarina, in ɗora shi a baro in kai wa mai caji da janareto, in turo shi in dawo gumi yana shiga mini ido. Zafin shekarar nan ba irin wanda ake ba da labari ba ne. Bango zafi, tabarma zafi, ruwan buta kamar an sauke daga murhu. Ƙuraje suka feso mini a wuya da baya. Laftof ɗin ta fi ni raki, da ta ɗan yi aiki sai ta huro iska mai zafi ta ɗauke. Aikin farko shi ne gina tafinta, wato manhajar da za ta zauna a laftof tana juya rubutuna zuwa yaren risiba, kuma ginin yana ɗaukar wuni, in ta ɗauke a tsakiya sai dai a koma farko. Dabarar da na samu ita ce in rufe bakin randar Inna da faranti, in shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu, in ɗora laftof a kai. Ta yi aiki. Sai dai Inna ta ce ita a gidan mijinta yanzu sai ta nemi izinin kwamfuta kafin ta sha ruwa.

Ruwan ma ba a wadace yake ba. 'Yan garuwa sun yi wuyar gani, ƙannena kan yi layi a tuƙa-tuƙa tun da sassafe. Geron rumbu ya ja baya, ga shi an ɗebi na iri, Inna tana auna na tuwo tana ɗan rage wa tiya baki. Miyar kuka yau, miyar kuka gobe, ranar da aka samu kan busasshen kifi a ciki ƙannena har rigima suke. Kasuwa ta mutu, 'yan ƙauye sun daina shigowa kamar da. Da rana tsaka gari kan yi tsit, awaki su lafe jikin katanga suna haki, ba ka jin komai sai kukan kurciya, sai fankar laftof ɗina.

Abin da ba a gaya wa mai fara irin wannan aiki shi ne a makance ake farawa. In kana rubuta manhaja a kan kwamfutar da ke da tsarinta, ka yi kuskure za ta gaya maka. A nan kuwa ba kowa a gidan, kai ne za ka gina bakin da za a gaya maka da shi. In rubuta layukan farko da yaren furosesar kanta, in zare ma'ajiya, in zuba, in mayar, in jona batir, in zuba ido. Shiru. Ban san ko ta karanta ba, ko ta karanta ta ɓata a layi na biyu, ko ta mutu tun a Gashuwa. In canja abu ɗaya in sake. Shiru. Na yi ta yi har gefen babban yatsana ya yi kanta saboda zare ma'ajiya.

Sai na tuna da 'yar fitilar da ke gaban risiba, ja, kamar ƙwayar barkono. A kashi na biyu na littafin na gano lambar da ake taɓawa ta kunnu. Na share duk abin da na rubuta, na bar umarni ɗaya tak: in kin farka, kunna fitila ki kashe. Wani hantsi, ina zaune kuda yana damuna, na jona batir, fitilar ta ƙifta. Na miƙe har na buge randa, Allah ya sa ba ta fashe ba. Na cire na sake jonawa, ta sake ƙiftawa. Na kira Inna ta zo da muciya a hannu, ta duba, ta ce yo ai da ma fitilar risiba kunnuwa take yi. Na rasa yadda zan gaya mata cewa wannan karon ni na ce ta kunnu.

Daga nan fitilar ta zama idona. Na sa ta ƙifta sau ɗaya in ta farka, sau biyu in ta shirya wurin ajiye lissafinta, sau uku in ta shiga cikin ainihin manhajar. Inda ƙiftawa ta tsaya, nan ta faɗi. Kafin in kai biyu na sha wuya, don furosesar nan ta wani gefen take fara karanta lambobi, ba ta gefen da ta tebur ke farawa ba, duk abin da na ajiye sai ta ɗauko shi a birkice. Gida ya ɗauki zancen. Inna in ta kawo abinci sai ta ce yau nawa ta ƙifta, ƙannena su faɗa wa maƙwabta wai yayansu yana kiwon fitila. Baba bai taɓa tambaya ba. Amma in ya dawo daga kasuwa zai wuce ciki yakan ɗan rage tafiya a zaure, kamar mai gyara takalmi, ya wuce.

Na kai uku, na maƙale. Manhajar ta shiga, ina da yaƙini, amma da ta zo tura harafi ta wayoyin Oga Bulus sai fuskar laftof ta tsaya baƙa, ɗan farin layi yana ta ƙyafta mini. Yadda ake buɗe ƙofar maganar yana cikin kashi na uku. Na yi ta cinta-cinta, in gwada wannan lamba in gwada waccan. Na koma Gashuwa, Oga Bulus ya auna wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya ya ce su lafiyarsu ƙalau, ya sayo mini ruwan leda mai ɗumi, muka zauna muna kallon abin kamar masu jinya. A hanyar tasha na bi ta gefen fadamar. Ƙasa ta tsage har kana iya zura hannu, maƙwabta sun fara gyaran kunya. Babban ɗan gidan da suka ara mana ya hango ni ya ɗaga hannu, ya ce in gaida Alhaji, in ce masa ana jiransa.

Sannan hadari ya fara haɗuwa. Duk Nguru ido yana sama, ni ma nawa yana sama, amma ba abu ɗaya muke nema ba. In ya yi baƙi sai gabana ya faɗi, in koma zaure da gudu in sake gwadawa. In ya watse sai in ji sanyi a raina, kunya ta biyo baya, don ina ganin fuskar Inna a bakin rumbu. Ranar da aka fita roƙon ruwa bayan gari na bi sahu na ɗaga hannu tare da kowa, na ce amin da bakina, zuciyata tana ta kai da kawo. Ban taɓa jin na tsani kaina da aikina kamar ranar ba. Zama ya gagare ni, kwanciya ta gagare ni, abinci ma a tsaye.

Wata la'asar aka yi yayyafi, ya ɗan kwantar da ƙura, ƙamshin ƙasa ya tashi, ya ɗauke. Na dubi Baba ina jiran ya zaro makulli. Ya ce wannan ba ruwa ba ne, ɓarna ce, kuma haka ta kasance. Laimar ta ishi irin ya farka, ba ta ishe shi ya rayu ba, rana ta biyo baya ta ƙone kusan rabin gonar a cikin ƙasa. Baba ya sa Inna ta ɗebo daga geron ci, muka koma da asuba muka sake binne inda ya ƙone. Tuwon ya ƙara ƙanƙancewa.

Ruwan gaske ya zo ne ranar da ba a zata ba. Tun azahar iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Bayan la'asar gabas ta yi ja, ta koma baƙa, guguwa ta shigo tana kwasar leda da kwanon rufi, sai ga ɗigo manya-manya suna faɗuwa a yashi. Kafin in kwashe laftof daga kan randa an tsuge. Indararo ya cika, Inna da yara suna ta tara bokitai da bahuna suna dariya, ƙaramar ƙanwata ta tsaya tsakar gida baki buɗe. Sanyi ya bugi ƙurajen bayana har sai da na lumshe ido. Na ja batir lungun da ba ya yoyo, na jona karo na ƙarshe. Ɗaya, biyu, uku. Fuskar laftof baƙa. Na zauna ina jin ruwa a kan kwano har aka kira magariba.

Baba bai yi zancen ba a ranar, bai yi ba washegari. Ni na riga na naɗe wayoyi na sa risiba a leda na tura ƙarƙashin gado. Da aka kwana biyu ya ce in zo mu duba gona. Muka tafi mu biyu, ƙasa tana da taushi a ƙafa, kwaɗi suna ta kuka a kududdufi. Wani ɓangaren gero ya tsiro, sirara kore shar, layi-layi. Wani ɓangaren kuwa, wajen binnen farko, babu komai sai yashi. Maƙwabcinmu na gona har ya fito da iri yana sake shuka nasa guraben. Ina jin ƙarar makulli a aljihun Baba duk takun da ya yi. Na gaji da jira, na ce masa ruwa ya sauka, ba ta yi magana ba, ya ba ni makullin.

Ya tsuguna a inda babu tsiro, ya sa yatsa ya tona a hankali, kamar mai cire ƙaya. Ya ɗago ƙwaya biyu a tafinsa. Sun kumbura, kowace ta fitar da 'yar farar jijiya kamar zare. Ya mayar da su, ya rufe, ya danna da tafin hannu.

"Wannan bai fito ba," in ji shi, "amma ba a sake sara a kansa." Ya goge hannu a riga, bai dube ni ba. "Taka fa? In an tona, da rai?"

"Tana ƙifta uku, Baba."

"Na gani. A da ɗaya take yi." Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. "Je ka fito da ita daga ƙarƙashin gado."

Na ce fadama fa. Ya ce shi aka ara wa, ba ni ba. Ya juya ya ci gaba da bin layi yana duba tsiro, makullin yana ta ƙara a aljihunsa, ni kuma na tsaya a wurin hawaye yana zubo mini, ban ko share ba.

Da kansa ya je Gashuwa ya yi wa masu fadamar godiya ya ce bana ba zai samu shiga ba. Suka karɓa da mutunci, suka ba wani. Kashi na uku ya iso hannuna bayan an mayar da layin waya, kuma abin da ya hana ni barci layi kaɗan ne: ƙofar maganar tana da makunninta dabam, a kashe take zuwa, sai an kunna ta. Ranar da rubutu ya fito na turo batir a baro har shago, na jona a kan buhun masara. Na sa ta rubuta sallama. Na karanta wa Baba, bakinsa ya riga shi ya amsa, sannan ya tsuke fuska ya ce shi ke nan abin? Na ce shi ke nan, farkonsa ke nan. Ya ce to in kwashe, ina tare wa masu saye hanya. Da Sallah ta zo a shekarar, shinkafar kasuwa Inna ta dafa, karo na farko tun da aka auro ta, kuma ba wanda ya ce komai a kai.

Yanzu ɗalibaina ba sa farawa a makance. Suna da manhajar da ke kwaikwayon kowace irin furosesa a cikin laftof, su gwada su ga inda suka faɗi, littattafai kuma suna saukowa waya kafin shayi ya huce. Ina jin daɗin hakan, ba na yi musu fatan randa. Sai dai ranar da aka bar kwaikwayo aka jona fanel na gaske, shirun nan yana nan yadda na bar shi, ga shi ma a kan teburina. Hanyata ta zuwa aiki kuma ta gefen fadamar take bi, safe da yamma.

Ɗazu bayan la'asar, hadari ya sake watsewa, Baba ya kira ni daga Nguru. Ya tsufa, mijin ƙanwata ke riƙe da shago yanzu. Ya tambaya ko an yi ruwa, na ce ba a yi ba. Ya ce Inna ta gaya masa an kawo mini wata sabuwa, nawa ta ƙifta? Na ce ko ɗaya. Ya yi 'yar dariya. Don in sauya zance sai na ce masa na ga an fara gyaran fadama. Shekara goma da wani abu bai taɓa ambatonta ba, ni ma ban taɓa ba. Can ya ce akwai wata kunya ta gefen gabas, wajen gindin giginya, nan ruwa ke fasawa kowace shekara in ba a ɗaga ta da wuri ba, ko sun ɗaga ta? Na ce ban duba ba. Ya ce in duba gobe in gaya masa.